Taƙi Ɗaya na Akoko

Jikokina a nan Nima ba su yarda na taɓa zama yarinya ba. In na ce musu a kan idona wannan unguwa daji ce, shanu ke kiwo inda suke wasa yanzu, sai su dubi juna su yi murmushi, wai tsohuwa ta fara. Su yarda ko kada su yarda, a tsohon Zango na cikin Akra aka haife ni, kusa da kasuwa, inda in iska ta juyo kana jin ƙugin teku da hayaƙin kifin da Ankarawa 'yan ƙasa ke bandawa. A gidan nan kakata ta wajen uba ta yi mana tatsuniya, a nan kuma na yi mata ɓarnar da har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Iya muke ce mata. Mutuniyar Bebeji ce ta ƙasar Kano. Ta biyo mijinta fataucin goro har Salaga, ya rasu a can, sai ɗanta, wato babana, ya gangaro da ita bakin teku. Ba ta taɓa yafe wa Akra ba. Ta ce wane irin gari ne allura ke tsatsa cikin kwana uku, shi ya sa nata alluran a cikin man kaɗanya take binne su. Dokunu kuwa, a wurinta tuwo ne ya lalace aka naɗe shi a ganye don kunya, amma in an kawo da kifi da barkono biyu take ci. Hausarmu ta yaran Zango ma ba ta tsira ba. Mu da mace da namiji duk "ya zo" muke cewa, ita kuma ba ta gajiya da gyara mana.

In an sauke tuwo, tsakanin magariba da lisha, ba a kashe wutar murhu nan da nan. Iya takan jawo tabarmarta kusa saboda gwiwoyinta, ta ajiye ƙoƙon alli a dama, kwandon auduga a hagu, ta ɗauki mazari. Mu yaran gida mu kewaye ta. Ba ta buɗe baki sai mazari ya kama juyi. Ta shafa alli a yatsu, ta murza, zare ya fara fita siriri, sannan ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu amsa, "Ta shigo ta sha ruwa." In zare ya tsinke tatsuniya ta tsaya ke nan, ko da zaki ya buɗe baki zai haɗiye mutum, dole ya jira Iya ta haɗa zarenta.

Abin da ban sani ba a lokacin, gara in faɗe shi tun yanzu, zaren nan na likkafaninta ne. Iya ta riga ta haƙura ba za a binne ta a Bebeji ba. Abin da ba ta haƙura da shi ba shi ne a naɗe ta a akoko, farin yadin nan na Turawa da jirgi ke saukewa, wanda kowa a Zango ke yin likkafani da shi don ya fi sauƙi. Ta ce tun da ƙasar gida ba za ta rufe ta ba, audugar gida za ta rufe ta. Ƙanenta ke aiko mata da ita daga gonar ubansu, ƙunshi ɗaya a shekara, ta hannun fatake. Ta gurza, ta shiɓe, ta kaɗa, in zare ya taru ta kai wa Baba Tanko masaƙi ya yi mata ƙwarya, wato dogon tsirin nan mai faɗin tafin hannu da ake jerawa a ɗinke ya zama zane. Ƙananan kayan likkafanin duk sun kammala. Saura babban zanen da ake naɗe mutum gaba ɗaya, shi kuma ƙwarya goma sha huɗu yake ci, tana da goma sha uku a ƙasan adudunta. Sai yaƙi ya ci Salaga, hanya ta mutu, daga baya labari ya zo cewa ƙanen nata ma ya rasu. Audugar da ke cikin kwandon nan ita ce ta ƙarshe, ga idonta ya fara hazo. Manya duk sun sani. Ba a yi wa yara irin wannan magana, don haka ni na ɗauka Iya kaɗi take yi kawai saboda hannunta ba ya iya zama.

Ina da shekara tara ko goma na haɗu da kwarashi. Bayan gidanmu akwai wata Ba'ankariya mai bandar kifi, tana da 'ya Ayele, wadda ta girme ni da kaɗan kuma ta yi makarantar mishan a Osu. A can aka koya mata saƙa da allura mai ƙugiya. Ranar da aka aike ni sayen kifi na tarar da ita a zaune, zare ɗaya tak a hannunta, tana ta soka ƙugiya tana jawowa, wai ga fure yana fitowa. Na san kaɗi, na san masaƙa, na ga maza suna aikin wuyan riga, amma ban taɓa ganin zare ya zama abu shi kaɗai ba tare da yadi a ƙarƙashinsa ba. Na tsaya na saki baki har Mma, wato mahaifiyata, ta biyo ni da faɗa.

Ayele ta lanƙwasa mini ƙarfen tsohuwar lema, ta goge bakinsa a dutse, ta zaunar da ni bayan murhun bandar uwarta. "Ladi, hannunka yana sauri," in ji ta da irin tata Hausar, "amma kai kana matse zare kamar zai gudu." Guntayen zaren da ta ba ni suka ƙare cikin mako. Nan na tuna dunƙulallen zaren da ke kwance a adudun Iya, ba wanda ke yin komai da su.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na san ba a ba ni ba. Amma na sami hujjar da ta kwantar mini da rai. Mayafin Iya ya tsufa, faci a kan faci, ga azumi ya kama, sallah na tafe. Na ce zan saƙa mata lulluɓin kai irin wanda manyan matan Ankarawa ke yafawa ranar bikinsu. Nata ne zan mayar mata, har da ado a kai. Dunƙule huɗu na tarar, na ɗauki ɗaya. Da ya ƙare na koma, na sake komawa. Daga tsakiya na fara, da wani ɗan fure karkatacce mai kunne ɗaya ya fi sauran tsawo, sannan na yi ta kewaya shi zagaye bayan zagaye. Yana faɗi hannuna na daɗa faɗawa, har Ayele ta fara kiran ƙawayenta su zo su gani.

A goman ƙarshe na azumi Iya ta kaɗa ragowar audugarta, ta kakkaɓe kwandon ta kife shi. Ta buɗe adudu don ta haɗa zaren ta kai wa Baba Tanko, sai ta tarar da dunƙule ɗaya. Ta zazzage komai a tabarma tana lalube. Mma ta ce ko ɓeraye ne. Iya ta ce ba ta taɓa ganin ɓeran da ke mayar da murfi ba. Daga nan ba ta ƙara magana a kai ba. Maraice biyu ta zauna bakin murhu da mazari babu zare, ba tatsuniya. Ina kallonta, kuma wautar yaro, daɗi nake ji. Na ce yadda ta damu ɗin nan, haka murnarta za ta yi yawa.

Ranar jajibere, bayan an sha ruwa, na fito da shi daga ƙarƙashin zanena a gaban kowa.

"Iya, rufe idonka."

"Idonki ake cewa, ja'ira. Ai ya rufe kansa tun bara. Me kika kawo?"

Na shimfiɗa mata a cinya. Ta bi shi da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan. Ta kama zare ɗaya ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci. Hayaƙin kifi ya kama shi sosai. 

"Zarena ne," ta ce a hankali. "Ga inda ya tsinke mini sau uku a jere, ranar da ruwa ya kore mu daga tsakar gida."

Mma ta miƙe da muciya a hannu. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Ajiye muciyar nan, uwar Ladi. Zauna." Iya ta ɗaga lulluɓin ta yafa a kan kallabinta, ta juyo wajena. "Wa ya koya miki?"

"Ayele."

"Hannunta da kyau. Naki ma." Sai ta gyara zama, ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Ranar ce karo na farko da na ji ta fara tatsuniya mazari na kwance.

Wai wata tsohuwa ce ruwa ya cinye garinsu, ta tsira da ƙunshin auduga a ka. Ta yi ta tafiya har ta isa inda ba a jin harshenta, ta zauna. Wata rana tana shara sai Ƙasa ta yi mata magana. Ta ce, "Baƙuwa, kwananki ya kusa, kuma a wurina za ki sauka. Amma ban san ki ba, ba a binne cibiyarki a cikina ba. Ki zo mini da tufar garinku. In na taɓa ta zan gane wace ƙasa ce ta haife ki, 'yar'uwata ce, sai in riƙe ki don ita." Tsohuwa ta kwance ƙunshinta ta kama kaɗi. Kullum in ta kaɗa sai ta shanya zaren a kan danga.

Akwai wata 'yar tsuntsuwa da ke kallonta. Ta ga tsohuwar nan ba ta da kowa, ba mai gaishe ta da safe. Ta ce bari in yi sheƙa a kan ƙofarta, ta riƙa tashi da waƙa. Ga zare a danga yana lilo ba aikin komai, sai ta riƙa zara kaɗan kaɗan. Ta yi sheƙar da ba a taɓa gani ba a dajin, har tsuntsaye na zuwa daga nesa don kallo. Ranar da tsohuwa ta gwada tufarta sai ta ga ta kasa, ƙafafunta a waje. Ta ɗaga kai, ga zarenta a kan ƙofa. Ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin sheƙar, ta ba tsuntsuwa labarin abin da Ƙasa ta ce mata daga farko har ƙarshe. Ba ta ce ba ni ba, ba ta ce riƙe ba.

Nan Iya ta tsaya. Ƙanena ya ƙosa. "Sai tsuntsun ya ba shi?"

"Ban sani ba. Da na baro su tsuntsuwa ba ta ce komai ba tukuna. Ku tashi, ga kiran lisha."

Washegari da lulluɓin nan Iya ta yi sallah. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta sunkuyar masa da kai ta ce, "Taɓa ka ji. Jikata ce ta yi." Uwar Ayele ta zo da ƙawayenta suna tafa hannu. Kaina ya kumbura, amma tatsuniyar jiya ta tsaya mini a rai. Na sami Mma a madafa na tambaye ta. Ba ta ko dube ni ba.

"Likkafaninta ne kika yi ado da shi. Babu wata auduga, ba kuma mai kawowa. In ya kasa akoko za a sa mata."

Na tafi bayan murhun banda na yi kuka. Gaskiyar magana, kukan farko ba na Iya ba ne, na aikina ne. Wata guda na yatsu masu ciwo, abu na farko da aka taɓa yaba mini a duniya. Kuma na san abu ɗaya sarai: in na yi shiru Iya ba za ta taɓa roƙona ba. Za ta yafa shi har ranar mutuwarta, a naɗe ta a yadin Turawa, ba wanda zai ƙara tayar da maganar. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Da magariba ta wuce aka kewaye murhu, na je na durƙusa a gabanta. "Iya, kawo."

Ta cire ta miƙo mini, ba tambaya. Ayele ta taɓa nuna mini cewa saƙar kwarashi ƙulli ɗaya gare ta, na ƙarshe. Ka kwance shi ka ja, sauran duk su biyo. Na kwance, na ba Iya bakin zaren, ta ɗaura a mazarinta. Ina ja tana naɗewa. Yana warwarewa da wata 'yar ƙara kamar ana taka busasshiyar ciyawa, hawaye na zuba mini, ban share ba don hannuwana biyu na aiki.

"Baƙuwarmu ta jiya ba ta tafi ba," in ji Iya. Ta ce da gari ya waye tsuntsuwa ta sa baki ta zare sheƙarta zare ɗaya ɗaya, tana sauke wa tsohuwa a cinya. Tsuntsayen da suka zo kallo suka yi ta yi mata dariya.

"Me ya samu?" in ji ƙanena. Ya saba a tatsuniya mai kirki kan tashi da shanu ko zinariya.

"Ba ta sami komai ba. Sai dai bakinta ya riga ya iya saƙa, wannan kuwa ba ya warwaruwa."

Abin da na saƙa cikin wata guda bai kai lisha ba. Da yake daga baki muka faro, muna shiga ciki aikin na ƙara muni, ina ganin kurakuraina suna wucewa ta hannuna ɗaya bayan ɗaya. Saura ɗan furen tsakiya, bai fi tafin hannu ba, sai ladan ya kira salla. Iya ta dafe hannuna.

"Bar wannan. Kin matse shi da yawa, za ki tsinka mini. Ni zan warware da safe." Ta sa haƙori ta yanke zaren, ta tura furen ƙarƙashin cinyarta. "Baƙuwa ta sha ruwa ta kama hanya. Ku tashi."

Zaren ya fito a nannaɗe kamar gashin tunkiya. Aka jiƙa shi, aka miƙe tsakanin turaku biyu, duk da haka bai koma daidai ba. Baba Tanko ya yi ta ƙorafi wai masaƙarsa ta koma warin kifi. Bayan kwanaki ya kawo ƙwaryar a naɗe, suka yi 'yar magana da Iya a zaure, ta sa ta a ƙasan adudu. Tatsuniya ta ci gaba, sai dai yanzu ni ke riƙe da aiki a hannu, ita tana ba da labari hannunta a kan gwiwa.

Iya ta ƙara shekara goma sha ɗaya, idon ya tafi gaba ɗaya. Ta rasu wata safiya bayan asuba, lokacin ina gidan miji da goyo. Mata suka taru a ɗakinta ɗinkin likkafani, aka jera ƙwaryoyin a tabarma. Goma sha uku kansu ɗaya. Ta goma sha huɗu na gane ta tun daga ƙofa, don saƙarta na da ɗan kwarmi kwarmi. Da aka miƙe ta sai ta kasa sauran da taƙi ɗaya na hannu. Zare ne ya ƙare wa masaƙi.

Mma ta koma adudu ko akwai saura. Ta fito da wani ɗan ƙyalle a ninke. Akoko ne, an yanka shi daidai faɗin ƙwarya, tsawonsa taƙi ɗaya, har an kalmashe bakinsa da irin ɗinkin Iya. Da ta buɗe ninkin, furena na ciki, da kunnensa ɗaya da ya fi sauran tsawo.

Na ce a ba ni in warware yanzu, in ruga wurin masaƙi. Mma ta riƙe ni. "Kafin azahar za a kai ta. Kuma shekara goma sha ɗaya tana da lokacin warwarewa, Ladi. Ɗinka abin da ta yanka."

Ni na ɗinka shi da hannuna, ta wajen ƙafafu. Matar da ta yi shekaru tana kaɗi don kada yadin Turawa ya taɓa jikinta, da shi a ƙafarta ta tafi, kuma ita ta zaɓa.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan cewa take kada ka taɓa abin da ba a ba ka ba. Da na girma saƙa ta zama sana'ata, na yi huluna da kayan jarirai da ba zan iya ƙirgawa ba, sai na ɗauka tana koyar da warwarewa ne, yadda mutum zai rushe aikin hannunsa ba tare da ya tsani kowa ba. Har yau in na ga kuskure zagaye goma a baya nakan ja zare ba tsaki, yaran da nake koya wa suna mamaki. Sai da tsufa ya zo mini na lura cewa Iya ta ba mu labarin tsuntsuwa har ƙarshe, amma ta ɓoye na tsohuwa. Ba ta gaya mana cewa tsohuwar ta hana a zare gindin sheƙar ba, ta yarda ta je wa Ƙasa da faci. Ina jin ta san in ta faɗa zan ƙi, shi ya sa ta ce da safe.

Furen yana wurina. Ya yi ruwan ƙasa, warin kifin ya daɗe da fita. Ni ba ni da damuwar Iya, ƙasar nan ta san ni, cibiyata na cikinta, akoko ya ishe ni. Abu ɗaya na roƙi babbar jikata, cewa in ranar ta zo da zaren nan za a ɗinka nawa. Ta ce ba za ta iya ɓata shi ba. Na kama yatsanta na ɗora a inda haƙorin Iya ya yanke, na ce daga nan za ki fara, ki ja a hankali, zai biyo ki.